Yadda na haɗa motar naitiro a Jidda, yashi ya cinye mini inji

Ranar wata Laraba na dawo daga aiki na tarar da ɗan ƙanwata zaune a kan kwalin ƙaramar mota mai rimot da na saya, a tsakar falo, kamar kaza a kan ƙwai. Shekararsa 13, haihuwar Jidda ne, Hausarsa ma rabinta Larabci ce. Shi ya jefa ni cikin wannan sha'ani. Tun ranar da muka ga wasu samari suna tsere da ƙananan motoci masu rimot a wani fili da ke hanyar Usfan, yaron nan bai sake bari na huta ba. Ni ma dai ba zan ɗora masa laifin duka ba, don ƙarar nan mai kama da ta zuma in an taɓa amya, da hayaƙin da ke sa ido ƙwalla, sun shiga raina. Motar batir sum take tafiya. Wannan kuwa, da ake kira motar naitiro saboda irin man da take sha, inji gare ta na gaske, da fistin da kafireto da salansa.

"Kawu, yau za mu tashe ta ko?"

Muka buɗe kwali, babu mota. Wani dogon farantin alminiyam ne a ciki, shi ne ƙashin bayanta, sai ledoji masu haruffa A, B, C, kowace cike da sukurori da haƙoran giya da ƙananan boris, sai bodin roba garai-garai kamar gilashi, sai littafin zane. Babu inji, babu salansa, babu rimot, ko taya babu. Mai sayarwa bai cuce ni ba, a rubuce yake a tallan, ni ne ban karanta ba. Ashe iri biyu ne: akwai wadda aka haɗa tun daga masana'anta, ka zuba mai ka tayar, akwai kuma ta 'yan tsere wadda kai za ka haɗa, ka zaɓi injinka da kanka. Ta biyun na saya, mai girman kashi 1 cikin 8 na motar gaske, wadda in an kammala ta takan haura kilo 3. Sai da na ƙara wata guda ina tara riyal kafin na sayo inji mai cc 3.5, wanda suke kira .21, da salansa, da rimot, da batir, da tayoyi, da sarbo biyu, wato ƙananan na'urorin da ɗaya ke juya sitiyari, ɗayar ke jan totur da birki. Har da akwatin tayarwa, don injin tsere ba shi da igiyar ja, a kan akwati ake ɗora motar, wata tayar roba ta juya fulawil daga ƙasa.

Sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki ce, na daɗe ina kwance kwampireso ina mayarwa, saboda haka na raina aikin. Daren farko na farke leda uku a lokaci guda na zazzage a kan darduma. Sukurorin duk kaurinsu milimita 3, amma wani tsawonsa 8, wani 10, wani 12, kuma a ido duk ɗaya suke. Ina cikin lalube sai ga maƙwabcinmu, dattijon da muke kira Baba mai agogo, wanda ya shekara da shekaru yana gyaran agogo a wajen Bab Makka kafin idonsa ya fara rauni. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi dardumar.

"Ɗana, gero ka watsa wa kaji ne?"

Ya aiki yaron baƙala, wato kantin unguwa, ya karɓo fankon kiret ɗin ƙwai, ya sa aka shimfiɗa farin tawul a kan tebur don abin da ya faɗi kada ya gangara. Leda ɗaya za a buɗe, in ji shi, sai an gama da ita a taɓa ta gaba. Shi ne ma ya lura cewa an zana sukurorin a gefen kowane shafi daidai girmansu na gaske, sai ka ɗora naka a kan zanen ka ga ko shi ne. Ni da na kwana biyu da littafin ban ga haka ba. Ya kuma hana ni amfani da lanƙwasassun makullan nan masu araha, ya ce suna cinye kan sukuru. Na sayo masu mariƙi na ƙarfe mai tauri, milimita 1.5 da 2 da 2.5, kusan da su aka gama motar duka.

Injin nan yana juyi sama da sau 30,000 a minti, jijjigarsa kuwa ba sukurun da ba ta kwancewa. Don haka duk inda ƙarfe zai shiga ƙarfe sai an ɗiga masa wani shuɗin ruwa mai riƙe zare. Shuɗi fa, ba ja ba, don jan in ya kama sai da wuta. Ɗigo kaɗan ya isa, bayan an goge maiƙon sukurun da sifirit. Amma kada ya taɓa roba, yana sa ta tsage. Sukurun da zai shiga roba shi da kansa yake yanka hanyarsa, kuma nan ne hannuna na mai ɗaure manyan notuna ya yi ɓarna: na murɗa ɗaya har ya fara juyi a banza, ramin ya cinye. Baba ya karɓi sukundireban ya riƙe da yatsu uku ya nuna mini. "In ya ce maka ya isa, ka ƙyale shi. Ba kokawa kuke yi ba."

Difarenshal, wato akwatin giyar da ke raba wa tayoyi juyi, uku gare ta, gaba da tsakiya da baya, kowane ana cika shi da man silikon mai kauri daban. Na bi lambar kaurin da littafin ya ce, 5,000 a gaba, 7,000 a tsakiya, 3,000 a baya, ban yi wa kaina gwaninta ba. Sukurori huɗun murfin a gicciye ake ɗaure su, kaɗan-kaɗan, don gasket ya zauna daidai. Shokozoba ce mai cin rai. Ka zuba mai, ka tura sandar sama da ƙasa a hankali, sai ka ga ƙananan kumfa suna tasowa, kuma ba a rufewa sai sun ƙare. Mukan jera su huɗu a tsaye cikin ramukan da muka huda a kwali, mu tafi sallar Isha'i, kafin mu dawo man ya yi garau. Sandar kuma ba a kama ta da tsirarar filaya, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yanka robar ciki mai ya dinga tsiyaya.

Wurin zaunar da inji akwai dabarar da ta burge ni. Tsakanin ƙaramin haƙorin kuloci da babban haƙorin tsakiya dole a bar 'yar tazara: in sun matse su yi zafi su cinye boris, in sun yi sako-sako haƙoran su gutsure. Sai ka yago siririyar takarda daga littafin makaranta, ka sa a tsakaninsu, ka matsa injin, ka ɗaure, sannan ka juya takardar ta fito. Tazarar da ta bari ita ce daidai, in ka girgiza haƙorin za ka ji wani ɗan ƙas-ƙas.

Sarbo kuwa sai an kunna ta ta tsaya a tsakiya kafin a ɗaura mata hannu, in ba haka ba motar ta dinga tafiya a karkace kamar kaguwa. Na saita rimot yadda in saƙo ya yanke birki zai kama da kansa, amma ban tsaya nan ba. In batirin cikin motar ne ya mutu ko waya ta cire, wannan saitin ba ya aiki, don ba wutar da za ta ja birkin. Na taɓa gani da idona a filin nan, motar wani ta ƙwace da totur a buɗe, ta miƙe yana bin ta da gudu yana ihu, sai da ta daki gefen kwalta ta tarwatse. Maganin ɗan sifirin ne, wato nannaɗaɗɗiyar wayar nan mai ja ta koma, wanda ke janyo kafireto ya rufe in an sake shi. Na'urar karɓar saƙon kuma na cusa ta cikin balan-balan, na ɗaure bakin, na naɗe da soso saboda mai da jijjiga. Ƙa'idar da na sa yaron ya haddace: rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe.

Tayoyi da gam ɗin nan mai kamawa nan take ake manne su a wili, ciki da waje, bayan an goge bakin da sifirit. Na manne babban yatsana da ta farko, yaron ya yi dariya har da riƙe ciki. Wani da ya daɗe a harkar ya ce in toshe ramukan iska na jikin wili in huda ƙanana biyu a jikin tayar, don yashin da ya shiga ta wili ba ya fita, wanda ke cikin taya kuwa juyi na watso shi waje.

Fenti ta ciki ake yi wa bodi, ba ta waje ba, don in ta kife robar ce za ta gogu. A wanke da sabulun kwanoni, a bushe, a fesa siriri-siriri da fentin da aka yi musamman don irin wannan roba, na gama-gari ɓarewa yake yi. Mai duhu ake fara fesawa. Yaron ya zaɓi kore da fari, ya ce ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, tutar Najeriya da ta Saudiyya. Na yanka rami don kan inji ya sha iska, da wani a saitin murfin tanki, na ƙarfafa hancin ta ciki da ragar nan ta masu aikin jibs, wato filastar silin, da gam ɗin takalmi. Dare tara muka yi kafin ta tsaya a kan tayoyinta.

Man da take sha ba fetur ba ne. Mafi yawansa metanol ne, da naitirometen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, da man shafawa a gauraye. Wannan na ƙarshen shi ne abin da ya kamata mutum ya riƙe: injin ba shi da baƙin mai a ajiye kamar na babbar mota, abin da ya shigo tare da man sha shi kaɗai ke shafe fistin da boris. Ka rage masa mai don ya ƙara gudu, ka rage masa man shafawa ke nan. Fulogin ma ba ya tartsatsi. Wata siririyar waya ce mai sinadarin filatinam a ciki, ka ɗora mata ɗan batir ta yi ja, in inji ya tashi ka cire, haɗuwarta da metanol da zafin ƙonewa su riƙe ta a jajaye. Metanol guba ne, yana makantarwa, wutarsa kuma da rana da ƙyar ake ganinta. Uwargida ta ce galan ɗin ba zai kwana kusa da kicin ɗinta ba, ta kuwa yi gaskiya. A kabad mai makulli yake, ba na kuma barin sa a but ɗin mota cikin ranar Jidda.

Safiyar wata Asabar a watan Janairu muka fita horar da injin, Baba na gaba da fulas ɗin shayinsa. Sabon inji irin wannan ba shi da zoben fistin. Silindar ce aka yi ta ɗan tsuke daga sama, sai ta yi zafi take buɗewa, saboda haka a sanyi fistin cijewa yake yi. Na hura masa zafi da na'urar wurin aikina har kan ya kai wajen digiri 80, sannan na ɗora a akwati. Ya ƙi juyawa sam. Na cika masa mai tun wurin janyo shi daga tanki, silinda ta cika, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In ka tilasta a nan, sandar fistin ce za ta tafi. Na cire fulogi, na rufa tsumma, na kau da fuska, na juya shi ya feso man. Da na mayar, bugu biyu ya kama, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe, yaron ya daka tsalle.

Daga nan sai aikin haƙuri. Tankin cc 125 ne. Na bar allurar mai, wato sukurun kafireto da ke ƙayyade yawan man da inji zai sha, a buɗe sosai, motar na tafiya lugwi-lugwi tana tofar da mai ta salansa, ina zagaye da ita a hankali kamar mai koyon keke. In tanki ya ƙare a kashe, a bari ya huce sarai, a sake. Kafin ya huce kuma dole a juya fistin ya koma can ƙasa, don kada silinda ta tsuke a kansa. Na yi wa fulawil alama da maka don in gane wurin. Tanki shida muka ƙona a haka, rana ta take, yaron ya gaji ya koma mota yana latsa waya.

"Kawu, wannan ai jaki ya fi ta sauri."

Sai a tanki na bakwai na fara rufe allura. Baba ne ya ba ni ma'aunin: in ɗauki kan allurar kamar fuskar agogo, kada in wuce awa ɗaya a kowane murɗi, in zagaya fili sau biyu kafin in ƙara. Juyi irin na hannun agogo rage mai ne, akasinsa ƙari. Ina auna kan injin da ma'aunin zafin da nake haska bututun na'urar sanyi da shi, ina neman tsakanin digiri 100 da 120, hayaƙi kuma kada ya ɓace. Ta ƙasa kuma, wato allurar silo, sai ka matse tiyon mai da yatsa: in inji ya yi daƙiƙa uku ko huɗu, ya ɗan ɗaga murya sannan ya mutu, lafiya. In ya mutu nan take, yunwa yake ji.

Asabar ta uku ce ta zo da tsiya. Daren Juma'a na cire matatar iska na wanke soson na sa masa mai, da zan mayar sai na ga igiyoyin robar nan masu haƙora da ake ɗaure wuyanta sun ƙare. Na tura ta da hannu ta shige tsam, na ce ai ta kama. Yaron ne ke tuƙi, ta hau wani tudun yashi ta yi tsalle ta kife. Na sa ƙafa na birkice ta, ta ci gaba. Sai muryarta ta ƙara siririya, gudu ya ƙaru, ƙura na tashi a bayanta, mu kuwa muna ta shewa wai inji ya sake jiki. Baba ne kaɗai ya ajiye kofinsa ya ce, "Kukan nan bai yi mini ba." Bai fi minti biyu ba ta mutu a tsakiyar fili.

Na ɗaga bodi, bakin kafireto a wangame, matatar tana can gindin tudu. Na sa yatsa na juya fulawil, ya juya sululu, babu ko ɗan cijewar nan ta sama. A gida muka kwance shi, Baba ya ba ni gilashin idonsa na duba agogo. Jikin fistin duk zane ne daga sama har ƙasa kamar an bi shi da ƙusa, cikin injin kuma wani toka-tokan kunu ne na yashi da mai da garin ƙarfe. Yaron ya fashe da kuka, a zatonsa tsallen da ya yi ne. Na ce masa motar don tsalle aka ƙera ta, kawunka ne ya yi ganganci. Fistin da silinda tare ake sayar da su, in ka haɗa da boris biyu da sandar fistin kuɗin ya kusa na sabon inji, sai na sayi sabo. Wani horon tanki shida daga farko.

Yanzu igiya biyu nake ɗaura wa matata, ɗaya a wuyan kafireto, ɗaya a gindin soso. Soson ninki biyu ne, na waje da na ciki. A leda nake sa shi in ɗiga mai in murza har launin ya game ko'ina, in matse rarar, don in ya jiƙe sharkaf inji ba ya samun numfashi. Nakan tafi fili da guda huɗu a shirye, ranar da ƙura ta yi yawa bayan tanki biyu ko uku nake canzawa, kuma sai na share kewayen da buroshi kafin in cire tsohon.

Abokin gaba na biyu a garin nan ba a ganinsa. Duk wanda ya yi bazara a Jidda ya san yadda gilashin mota ke kwana da raɓa, danshin Bahar Maliya ne. Metanol kuwa janyo ruwa yake yi daga iska. A sana'ata na san abin da ɗigon danshi ke yi wa kwampireso, saboda haka wannan ban jira ya koya mini da kuɗi ba. Da na zuba mai nake rufe galan. In an tashi, sai in zuƙe abin da ya rage a tanki, in tayar da inji har ya ƙone na cikinsa ya mutu da kansa, in goge kewayen fulogi in cire, in ɗiga man ajiya kaɗan ta nan da ta kafireto, in juya na 'yan daƙiƙu, in mayar da fulogin da ɗan zobensa na jan ƙarfe. Wani abokin wasanmu ya ajiye tasa da mai a ciki tun farkon azumi har bayan Sallah, da ya buɗe boris ɗin baya ya yi jawur da tsatsa. Ni lokacin aikin Hajji nakan yi makonni a Makka ban dawo ba, in tarar da nawa yana juyawa sumul.

Ruwa ba ya taɓa ta. Buroshi da iska ne, sai tsumma da sifirit don maiƙon da salansa ke fesawa a gefenta, wanda in ya haɗu da yashi yake zama tamkar dutsen wasa wuƙa a duk gaɓar da ke motsi. Ina sharewa ina taɓa sukurori, ina jan bakin tayoyi in ga ko gam ya saki. Allura ma ba a saita ta sau ɗaya a manta. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, saboda haka saitin Agusta in ka fito da shi da sanyin safiyar Janairu inji zai ji yunwa ya yi zafi, sai an buɗe masa awa biyu ko uku tukuna a bi a hankali. Da bazara ma in ba bayan Asuba ba ko dab da Magariba, ba ma fita.

Tsohon fistin yana nan, yaron ya zura masa zobe ta ramin fil ya rataya makullin gidansu. Shi ne yanzu ke jan wuyan matata da yatsa kafin a ɗora motar a akwati, ko da ni na ɗaure. Makon jiya ya ji wani ɗan kuka a wajen kuloci in an sake totur, Baba ya kara kunne ya ce boris ne. Mun cire mun tarar ɗaya ya fara kaushi, na yi odar guda goma, har yanzu ba su iso ba.